Hoton Dokta Inoussa a Bangon Zongo

Duk wanda ya ce Zongon Lome ba ta haifi babban mutum ba, to bai taɓa haɗuwa da Dokta Inoussa ba. In ma bai gan shi ba, ya ji shi, don muryar Dokta tana riga shi shiga lungu da kamar minti biyar. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar ilimi cikin gaggawa. Wasu sai sun shekara bakwai suna karatu kafin a kira su dokta. Shi kwana uku ya yi a wani otal na bakin teku, ana ba su shayi da burodi safe da yamma, ya fito da takardar shaida, da kati mai igiya na ratayawa a wuya, da falmaran mai aljihu shida, da lasifikar hannu. Sunan doktan kuwa shi ya ba kansa a hanyar dawowa, a bayan babur ɗin haya, don bai ga dalilin wahalar da hukuma a kan abin da zai iya yi da kansa ba.

Aikinsa a takarda ɗan kaɗan ne: ya riƙa sanar da mutanen unguwa abin da ƙaramin asibitin Zongo yake so su sani. Ranar allura, ranar rabon gidan sauro, a kula da wanke hannu in amai da gudawa sun shigo gari. Amma kada ka kuskura ka faɗa haka a gabansa. In ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara katin wuya, ya ce shi ne Babban Jami'in Sadarwar Lafiyar Al'umma na Zongo Baki Ɗaya. Ƙaramin jami'in dai har yau ba a gan shi ba.

A Zongo aka haife shi, a gidan da ke bayan masu tsire. Uwarsa Balkissa, Allah ya jiƙanta, shekara talatin tana sayar da koko a bakin titin da manyan motoci ke bi zuwa arewa. Amma ranar da falmaran ya hau jikinsa, sai Dokta ya gano cewa hayaniyar Zongo tana hana ƙwaƙwalwa aiki. Ya kwashe kayansa ya kama ɗaki can a unguwar Avédji, kuma bai nuna wa kowa gidan ba, don kada 'yan Zongo su riƙa zuwa masa da silifa da yara suna ɓata masa suna a wurin maƙwabta. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Ayyukansa kuwa ba sa ƙirguwa. Shi ne ya zaga unguwa da lasifika da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da duk macen da ke da ƙafa tana kasuwar Hédzranawoé, ya yi wa awaki da motocin da ke ajiye bayanin gidan sauro, da Faransanci, awa biyu cur. Shi ne ya buɗe zauren waya na lafiyar Zongo, ya kulle shi yadda ba mai iya rubutu sai shi, yana tura hotonsa a taro, da hotonsa yana fita daga taro, da hotonsa yana tunanin taro mai zuwa. Mata suka yi ta ficewa don hotunan suna cinye musu kati. Dokta ya rubuta a rahoto cewa babban ƙalubalen sadarwa a ƙasar nan shi ne jahilcin masu sauraro.

Kafin wannan haske ya bayyana, Zongo tana cikin wani duhu da ake kira Inna Oumou. Tsohuwa ce mai kai gayyata. Suna, biki, walimar dawowa daga Makka, duk ita ke shiga gida gida da farantinta na goro rufe da jiƙaƙƙen tsumma, da minti a ƙulle a bakin zane saboda waɗanda haƙoransu suka yi ritaya. A Zongo kuwa kowa ya san ƙa'ida. Saƙon da ya zo da baki kawai labari ne, ki ji ki manta. Amma in ya zo da goro, kika miƙa hannu kika karɓa, kin ɗaure kanki. Ranar taro in ba a gan ki ba, za a tare ki a bakin famfo a tambaye ki goron wa kika ci. Rukayya, ma'aikaciyar jinya ta asibitin, ta san wannan. Duk zuwan allura takan saya wa Inna Oumou goro, ita kuma ta zaga, yara su cika benci.

Dokta ya soke wannan a makonsa na farko. Ya je har ƙofar gidan tsohuwar, da lasifika a kafaɗa.

"Inna," ya ce, "ƙarni ya juya. Yanzu sadarwa kimiyya ce, tana da matakai bakwai, ni kaina sai da na tsallake teburin jarrabawa kafin na san su. Ba za mu ci gaba da sanar da al'umma da abin taunawa ba. Ki huta, ƙasa ta gode."

Inna Oumou ta dube shi tun daga takalmi har hula. Ba ta taɓa ce masa Dokta ba, kuma ba ranar za ta fara ba.

"To, Inoussa ɗan Balkissa, Allah ya ba da sa'a. Ungo goro."

"Ba na ci, yana ɓata haƙori."

"Ai shi ke nan. In kimiyyar ta gaji, ka san gidana."

Ana nan sai ƙyanda ta ɓulla. Ta fara daga wajen unguwar Cacavéli, ta tsallako, ta kwantar da yara biyu a gidan wani direba a Zongo. Hankalin Rukayya ya tashi. Ofishin lafiya na gunduma ya aiko da saƙo ta hannun wani jami'i mai suna Mushe Tchakoura (Mushe nan Malam ne da Faransanci, ba mushen dabba ba), mutum marar yawan magana: masu allurar riga-kafi za su zo ranar Asabar, daga safe zuwa ƙarfe biyu na rana, daga nan motarsu ta wuce wata unguwa, ba kuma za ta dawo ba sai bayan damina. Yara ɗari uku ake so a gani. Ya kuma ƙara, yana kallon aljihun falmaran ɗaya bayan ɗaya, cewa in ba a ga yara ba, rigar nan za ta nemi wata kafaɗar.

Wani da tsoro zai ji. Dokta daɗi ya ji, don damar nuna mataki na bakwai ta zo, wato takardar mannawa a bango.

Da farko ya je gidan hoto. Mai hoto ya nuna masa labule uku na baya: mai falo, mai jirgin sama, mai gajimare. Dokta ya zaɓi gajimare, saboda yana nuna hangen nesa. Ya sa farar riga da falmaran, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗaga ido sama kamar mai ganin makomar lafiyar ƙasa tana saukowa. Daga nan ya wuce shagon Amadou mai buga takardu, ya tsaya yana duba samfuran da ke jikin bango, har idonsa ya faɗa kan wani mai gefe ruwan zinariya, da furanni, da fararen kurciyoyi biyu a sama.

"Wannan nake so."

Amadou ya sosa ƙeya. "Dokta, wannan zanen fa na..."

"Na manya ne, na sani."

"E, to, manya suka fi sayensa. Sai dai su ba da kansu suke zuwa ba."

"Ni ba na aike. Buga."

Amadou ya buga. Hoton ya cinye kashi uku cikin huɗu na takardar. A ƙasansa sunan Dokta da muƙamansa, layi uku. A ƙasan wannan, shekarar da aka haife shi da shekarar bana da ya karɓi takardar shaida, da ɗan layi a tsakani, domin a cewarsa waɗannan su ne manyan shekaru biyu a tarihin lafiyar Zongo. Sai rana da lokaci da wuri: Asabar, ƙarfe takwas, gaban asibiti. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe kamar kiyashi, ya zuba wani Faransanci mai nauyi wanda babu kalmar yara a cikinsa, babu kalmar allura. Ya ce irin waɗannan kalmomi suna rage wa takarda daraja.

Ranar Talata aka wayi gari Dokta yana kallon sama daga kowane bango na Zongo. Bangon masallaci, shagon mai niƙa, jikin tankin ruwa, har bayan wata motar albasa da ta tafi da shi Niamey. Ranar Laraba kuma ya tafi garin Kpalimé wani taron ƙara wa juna sani, ya kashe waya, don manyan mutane ba sa amsa waya a taro.

To, jama'a, duk wanda ya yi wata guda a Lome ya san irin wannan takarda. Bangon garin nan cike yake da su. Hoto babba, gajimare, kurciya, shekara biyu da layi a tsakani, rana da wurin taro. Ba sai ka shiga aji ba kafin ka karanta ta.

"Allahu akbar," in ji wata mai waina, tana tsaye da cokali a hannu. "Mai lasifika ya riga mu."

"Shi ya sa na ji unguwa ta yi shiru," in ji maƙwabciyarta.

Kafin azahar ɗin Laraba labari ya haɗu tsaf. Ya rasu a Avédji, an binne shi can tunda ba wanda ya san gidan, ranar Asabar kuma addu'ar bakwai ce za a yi a gaban asibitin da ya yi wa aiki. Wasu suka ce maƙogwaro ne, kuma ba wanda ya yi musu. Aka kira wayarsa, a kashe. Aka kawo samarin da suka yi boko su karanta ƙananan baƙaƙen. Suka karanta, suka sake karantawa, sai wani ɗan jami'a ya ce abin da ya fahimta shi ne ana gayyatar al'umma zuwa gagarumin taro a ƙarƙashin inuwar sunan Dokta. Dattawa suka ce ai shi ke nan, addu'ar ce.

Rukayya ta yi ta faɗa wa duk wanda ya shigo asibiti cewa mutumin nan da ransa, allura za a yi. Aka riƙa ba ta haƙuri, ana cewa haka rashin abokin aiki yake, zuciya ba ta saurin yarda. Ranar Juma'a bayan la'asar ta sayi goro da kuɗinta, ta nufi gidan Inna Oumou, idonta ya yi ja.

"Inna, ki taimake ni. Gobe ce kaɗai muke da ita. Ki zaga ki gaya musu gaskiya."

Tsohuwar ta buɗe goron, ta duba, ta yayyafa masa ruwa. "'Yata, gida nawa ne a Zongo? Ƙafata biyu ce, kuma ɗaya ta fara gardama. Da yammacin nan ba zan gama lungu uku ba. Bar su su zo ta'aziyyar. Tun da nake, ba a taɓa tara mini matan Zongo a tabarma ɗaya ba. Yaron nan ya yi mini aiki bai sani ba."

Asabar da safe gaban asibiti ya cika. Rumfunan da Dokta ya yi haya tun kafin tafiyarsa an kafa su, sai dai mata sun ture kujeru gefe sun shimfiɗa tabarmi. An zo da waina da gumba na sadaka. Malamai sun jeru da carbi. Wani dattijo da aka nema ya faɗi alherin mamaci ya shafa gemu, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa, yana da murya." Aka shafa. Masu allura su huɗu suna zaune a gefe da akwatunansu na sanyi, suna kallon ikon Allah. Yaro kuwa ko ɗaya babu. Wa ke zuwa ta'aziyya da yara? An bar su gida wurin kakanni da yayye.

Ƙarfe tara da rabi motar ofis ta tsaya. Dokta ya roƙi Mushe Tchakoura ya biyo ya ɗauke shi, don shigowa a mota tana cikin matakai bakwai. Da ya hango taron ta gilashi, sai ƙirjinsa ya kumbura har maɓallin falmaran ya nemi agaji.

"Shef, ranka ya daɗe, ka gani? Kimiyya ke nan. Ba goro, ba minti."

Ya buɗe ƙofa ya fito, cikin farar rigar nan da falmaran ɗin nan na hoto. Ya ɗora hannu a ƙirji. Ya ɗaga ido sama.

Wallahi abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mai waina ce ta fara ƙwalla salati, ta yar da faranti. Layin gaba ya watse, aka bar takalma kamar an buɗe shago. Wata ta shige ƙarƙashin teburin masu allura. Malamai suka ƙara sauti, dattijon nan mai yabon murya ya ɗaga sanda yana cewa a tambaye shi me ya manta. Dokta kuwa ya ɗauka murna ce. Ya ɗaga hannu biyu yana kwantar da jama'a, ya kunna lasifika.

"Iyayena, ƙannena, ku zauna, ku zauna! Na san kun yi kewata. Inda na je ba a amsa waya, shi ya sa kuka ji ni shiru. Amma na dawo muku da saƙo. Na zauna da manya waɗanda ba kowa ke ganinsu ba, kuma sun tabbatar mini cewa inda na je, kowane ɗan Zongo wata rana zai iya zuwa, in dai ya bi matakai!"

Wata tsohuwa ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta shirya ba.

Ya ci gaba. Ya lissafa ƙalubale: rashin fahimtar jama'a, rashin girmama masana, rashin mota ta musamman ga Babban Jami'i. Ya shiga makoma: nan da shekara biyar kowane lungu zai sami allo mai haske da hoton jami'in sadarwa, ana gani har da rana. Yana cikin bayanin tsawon allon ne Mushe Tchakoura ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa agogo. Goma ta wuce.

"Inoussa, ina yaran?"

Dokta ya duba dama, ya duba hagu. Ya duba ƙarƙashin rumfa. Mata ɗari da ɗoriya, maza, malamai, waina, gumba. Sai a lokacin idonsa ya tsaya kan gumbar. Ya juya ya dubi hotonsa da ke jikin ƙofar asibiti, ya dubi kurciyoyin, ya dubi ɗan layin da ke tsakanin shekarun. Lasifikar ta yi wani ƙara a hannunsa, ita kaɗai.

Nan Inna Oumou ta miƙe daga kan tabarma da farantinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta mintsini kunnen Dokta a gaban kowa, ya ce wash, ta juyo ta ce, "Kun ji dai, da ransa. Ɗan Balkissa ne, ba abin da ya same shi sai hoto. Ku dawo ku ɗauki takalmanku."

Dariya ta ɓarke, har wadda ke ƙarƙashin tebur ta fito. Kafin dariyar ta lafa, tsohuwar ta fara bin tabarmi, tana danƙa goro a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Nafissatou, ungo. Naki biyu, har da mai tsoron aski. Assana, ungo, naki uku da na ƙanwarki da aka kawo hutu. Ƙyanda ce ta shigo, kun ga yaran gidan direba. Allura ga ta can, kyauta, ƙarfe biyu za su tafi. Aïssa, kada ki ɓoye hannu a mayafi, na gan ki. Soumaya, ke minti, na san haƙorin. Kowa ta je ta kawo, waina tana jiran yara."

Duk wadda ta karɓa ta tashi. Rabin awa ba ta cika ba lunguna suka fara zubo yara, na goye, na hannu, masu tirjiya, masu kuka tun kafin su ga allura. Rukayya ta ɗaure ɗankwali ta shiga aiki. Wainar sadakar Dokta ita aka riƙa ba duk yaron da aka yi wa allura, ya daina kuka. Malamai da suka ga ba mamaci, suka juya addu'ar zuwa neman tsari daga ƙyanda, don kada zaman ya tashi a banza. Ƙarfe biyu saura kwata masu allura suka rufe akwatuna, babu ko kwalba ɗaya da ta rage. Yara sun haura ɗari uku.

Mushe Tchakoura bai yi dogon jawabi ba. Ya miƙa hannu, Dokta ya cire falmaran a hankali kamar ana fiɗe masa fata. Aka ba Inna Oumou. Ta juya ta, ta ƙirga aljihu, ta ce madalla, farin goro dama, ja hagu, minti a na sama. An bar wa Dokta katin wuya da lasifika, da sharaɗin ba zai kunna ta ba sai Inna ta gaya masa abin da zai faɗa, kuma da Hausa.

Kada ku ɗauka ya karaya. Manyan mutane ba sa karaya. A makon nan ya rubuta rahoto shafi goma sha biyu, ya bayyana yadda sabuwar dabararsa ta girgiza zukata ta tara taron da Zongo ba ta taɓa gani ba, ya ba da shawarar a yaɗa ta a duk faɗin ƙasa. Sunan Inna Oumou ya fito sau ɗaya, a ƙarƙashin kayan aiki. A unguwa kuwa sunan Dokta ya bi falmaran. Yanzu in ya ratsa ta gaban masu tsire, sai ka ji an ce, "Marigayi, ina kwana? Ya can?" Yakan ɗaga hannu ya wuce, ya ce ɗaukaka ba ta zuwa sai da laƙabi.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki aka sanar da rabon gidan sauro. Inna Oumou ta jiƙa tsummanta. Shi kuwa ya sake shiga gidan hoto, ya fito da sabo wanda ya fi na da girma, ya nufi shagon Amadou, ya ajiye shi a kan tebur ya ce a buga masa ɗari biyu.

Amadou ya dubi hoton, ya dubi kalandar da ke bango, ya ƙirga da yatsa.

"Daidai kuwa," ya ce. "Na arba'in ɗin ke nan za mu buga?"